Hannun Baba da Farar Kwamfuta

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, a gida ana ce mata Auta. Komai nata da sauri ne. Ko takalmi a guje take sa shi.

Babanta ya yi ciwo ya warke, amma hannunsa na dama ya yi nauyi. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsunsa kullum. Baba kuwa ya karaya. Sai ya zauna shiru a falo, hannun a kan cinya.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta kawo dabara. Gyaran kwamfuta take yi, kuma duk layin shagonsu babu kamarta. Kwamfutar da kowa ya ce ta mutu, da ta shiga hannun Gwaggo sai ta tashi.

Ta ce lokacin suna yara babu mai cin Baba a gem, wato wasan da ake bugawa a talabijin. Irin na da, wanda ɗan mutum yake gudu yana tsallake ramuka. Buga shi zai sa Baba ya riƙa motsa yatsunsa. Yanzu irin na'urar da ake buga shi ta yi wuyar samu. Amma ƙaramar kwamfuta za ta iya kwaikwayonta, in an zuba mata manhajar da ta dace.

Ranar Asabar Auta ta bi Gwaggo shago. Gwaggo ta ajiye mata kwamfutoci biyu, kowacce ba ta fi ƙaramin littafi ba. Ɗaya fara ce siririya, mai shuɗiyar fitila. Ɗaya baƙa ce mai kauri, da ramukan iska da 'yar fanka a ciki.

"Ke za ki zaɓa wa Yaya," in ji Gwaggo. "Ki buga gem rabin awa a kan kowacce, sannan ki taɓa bayanta. Wata sai ta yi zafi take nuna halinta."

Wani ya shigo da aikin gyara, Gwaggo ta koma kan teburinta. Auta ta buga minti biyar a kan farar. Baƙar ko kunna ta ba ta yi ba, don ba ta yi mata kyau ba. Sauran lokacin a bakin ƙofa ta cinye shi tana kallon titi.

Da Gwaggo ta tambaye ta ko ta cika lokacin, ta ce ta cika, kuma farar ta zaɓa. Gwaggo ta yarda.

A gida aka jona farar da talabijin. Da kiɗan gem ɗin ya tashi, Baba ya yi murmushi. Rabon da a ga haƙoransa har an manta. Ya karɓi hannun gem ɗin, wato abin riƙewa mai maɓallai, ya fara tsallake ramuka a hankali.

Can sai abu ya canja. Baba ya danna maɓalli, ɗan mutumin bai yi tsalle ba sai da ya makara. Ya faɗa rami. Baba ya sake, ya sake faɗawa. Har sau shida.

Baba ya ajiye hannun gem ɗin. "Ku kashe," ya ce yana kallon hannunsa na dama. "Hannun nan ya gama aiki."

Auta ta je kashewa, ta ji kwamfutar da zafi zau kamar murfin tukunya. Kunya da tausayi suka kama ta, ta fashe da kuka.

"Baba, ba hannunka ba ne. Ni ce ban gwada ba, kuma na yi wa Gwaggo ƙarya."

Baba ya ɗauka lallashinsa take yi. Sai ta ari wayar Mama ta kira Gwaggo, ta faɗa mata komai.

Gwaggo ta zo da baƙar kwamfutar a jaka. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma roƙi Baba ba. Ta bar farar ta sake yin zafi, ta miƙa wa Auta hannun gem ɗin. Auta mai lafiyayyun yatsu ta faɗa rami sau uku a jere.

"Ka gani, Yaya? In ta yi zafi nauyi take yi. Kana dannawa a kan lokaci, ita ce take makara."

Aka jona baƙar. Auta ta buga rabin awa cur, Gwaggo tana riƙe da agogo. Ta taɓa bayanta, ɗumi kaɗan kawai. Sannan ta durƙusa ta miƙa wa Baba.

Ya daɗe yana kallon hannun gem ɗin kafin ya karɓa. Ya danna, ɗan mutumin ya yi tsalle. Ya haye rami na farko, ya haye na biyu, bai tsaya ba sai ƙarshen matakin.

Baba ya ɗaga yatsunsa ya dube su. "Ashe da sauran aiki a hannun nan," ya ce yana dariya.

Ranar Auta ta koyi darasi. In an ba ka aiki, ka yi shi har ƙarshe, kuma kada ka ce ka yi abin da ba ka yi ba. Saura kaɗan gaggawarta ta sa Baba ya fid da rai da hannunsa.