Albarushin Inna Sauda

Shekara huɗu da samun mulkin kai, wata safiyar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, wata tsohuwa ta shigo kwamisariya, ofishin 'yan sanda, ko sallama babu. Ta jefa riga mai jini bisa teburin Sufeto Yunusu.

"Shinshina," ta ce.

"Inna, zauna tukuna. Wace ce ke?"

"Ba zama ya kawo ni ba. Ni ce Sauda, uwar Isufu maharbi. Garin ga duk sun ce ni na kashe ɗana."

Sufeto ya san maganar. Isufu tsohon soja ne, ya dawo daga Aljeriya da libarba. Harsashinta ba ya samuwa, sai shi ya riƙa tara kwanson da ya harba, ya narka dalma, ya cika da albarushin gida ya tafi farautar barewa. Uwarsa ke daka masa albarushin. A makon jiya, arewa da Barmu, bindigar ta fashe a hannunsa, ƙarfe ya yanke masa wuya. Nan take aka ce dakan tsohuwa ne ya ɓaci. Mata suka daina amsa gaisuwarta a bakin rijiya.

Sufeto ya shinshina rigar. Jini ne da gumi, ba wani abu.

"Tun da ya dawo nike wanke rigunanshi," in ji ta. "Kullum baƙi ƙirin, suna warin farar wuta. Wagga hwa? Ina baƙin?"

Sufeto ya karɓi sauran harsasan mamacin. Ya sa aka buɗe ɗaya bisa faranti. Abin da ya zubo ba baƙin gari ba ne, wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu sheƙi, irin na harsashin gwamnati. Wannan ba ya hayaƙi, kuma ƙarfinsa ya fi na tsohuwar libarba nesa ba kusa ba.

Ya kira wanda suka tafi farautar tare, Ma'azu, gardi mai tsaron gidan kaso, aminin Isufu tun suna yara.

"Mi ka gani da ya harba?"

"Ranka shi daɗe, ban ga komi ba. Hayaƙi ya turnuƙe, sai ƙara."

"Hayaƙi da yawa?"

"Kamar an ƙone bukka."

"Wa ya fara cewa laifin albarushin Inna ne?"

Ma'azu ya sosa ƙeya. "Mutane dai."

Daga nan Sufeto ya shiga kasuwa, rumfar Ciɗo maƙeri, wanda ke yi wa Isufu gyaran bindiga. Yana tambayarsa, idonsa ya faɗa cikin wata ƙwarya. Kwanson harsashin babbar bindiga ne a ciki. Ya ɗauki ɗaya, ya juya gindinsa. Sumul, ba alamar an taɓa harba shi.

"Ina ka samu?"

"Yara ka tsinto su."

"Harsashin da ba a harba ba, wa ya zare mashi kai ya yar a daji? Ciɗo, ko ka hwaɗi nan, ko ka hwaɗi kwamisariya."

Ciɗo ya ajiye guduma. "Ma'azu ya kawo mini, in ƙera ma matarshi zobe."

Da la'asar aka sake kiran Ma'azu. Inna Sauda na tsaye bakin ƙofa, an yi an yi ta zauna ta ƙi. Sufeto ya jera riga da faranti da kwanso.

"Ka ce hayaƙi ya turnuƙe. Nuna mini shi ga rigar ga."

Ma'azu ya dubi rigar.

"Wallahi alheri na nufa. Barewa ta yi wayo, ba ta bari a matso, muna komowa hannu wofi ana muna dariya. Na ce mashi mu sa na gwamnati, ya ƙiya. Ranar da ya cika kwanso ya tashi salla, na zubar da nashi, na cika da nawa daidai awonshi. So nike in barewa ta hwaɗi in ce ka gani."

"Ka gani kuwa," in ji Sauda. "Kai da na goya ranar da uwarka ta kwanta ciwo. Ɗana ya tahi, wannan na Allah ne. Amma ka zo zaman makoki, ka ci tuwona, ka hita ka ce ni ce?"

"Inna, tsoro ne. Ki gahwarce ni."

"Kada ka ƙara ce mini Inna."

Aka sa masa ankwa. Ɗan sanda zai bi da shi ta bayan gari, Sauda ta tare ƙofa.

"Ba ta nan ba. Ta bakin rijiya."

Sufeto ya gyaɗa kai.

Ta rijiya aka bi, mata cike da wurin. Ma'azu ya tsaya ya maimaita abin da ya faɗa, kansa a ƙasa. Da ya gama, wata ta matso ta ce, "Inna Sauda, ina wuni?"

Ba ta amsa ba. Ta naɗe rigar ɗanta, ta ɗora bisa kai, ta wuce gida.