Wutar Gidan Kuwabara

Sandar mashigar layin dogo ta sauko tsakaninsu kafin Chizuru ta gama magana.

Ita tana tsaye ta gefen kasuwar Jujo, shi kuwa saurayinta Tatsuhiko ya riga ya haye da jakar aikinsa a kafaɗa. Abin da ta faɗa masa hukuncin mahaifinta ne: duk wanda zai aure ta sai ya ajiye sunan gidansu, ya ɗauki na Kuwabara, ya gaji gidan wankan jama'a da kakanta ya gina a bayan tasha. Ita kaɗai aka haifa, kuma haka aka saba yi idan gida ya rasa ɗa namiji.

Jirgi ya wuce, wani ya biyo bayansa. Da sandar ta ɗaga, ba ya wurin.

Ba ta yi kuka ba. Gajiyar da ke jikinta ta fi ƙarfin hawaye.

Ta koma bakin murhu, inda ta saba. Tun da ciwon baya ya kama mahaifin nata, ita ke faskare, ita ke hura wutar da ke ɗumama ruwan unguwa, shi kuma yana zaune a ƙofa yana amsa gaisuwar masu shiga. Duk da haka kullum zancensa ɗaya ne, wai wuta sai namiji.

Noboru, ɗan autan mai sayar da shinkafa, ya daɗe da jin ƙanshin gadon. Ba shi da sunan da zai yi kewa, yayyensa sun riƙe. Shi ne ya hau jirgi takanas har Akabane, ya tsegunta wa mahaifiyar Tatsuhiko cewa ana shirin raba ɗanta na fari da tuƙin jirgi a mayar da shi ɗan dakon itace. Tsohuwar ta rantse ba da yawunta ba. Wa zai riƙa share kabarin ubansa?

Makonni suka shuɗe shiru. Noboru kuwa ya fara kiran tsohon da Baba.

Wata rana da azahar, kafin a buɗe wa jama'a, Tatsuhiko ya shigo da kayan aiki a jikinsa, ya rame. Ya durƙusa gaban tsohon har goshinsa ya taɓa tabarma, sannan ya ajiye wani ɗan ƙaramin hatimin sa hannu sabo fil. An sassaƙa Kuwabara a jikinsa.

Ya yi bayani a hankali. Ƙanwarsa ta yarda ta riƙe sunan gidansu da kabarin. Mahaifiyarsa kuwa ta daina ɗaga wayarsa, bai kuma san ranar da za ta huce ba.

"Sunan na bayar, Baba. Amma jirgi… ba zan iya bari ba."

Tsohon ya juya hatimin a tafin hannunsa.

"To, wutar fa? Suna ne zai hura min ita?"

Chizuru ta fito daga bayan labule. Ba ta ɗaga murya ba, hannayenta kawai ta shimfiɗa a gabansa, duk sun yi kanta da tabon ƙuna.

"Baba, wa ke hura ta tun da bayanka ya ƙi?"

Ya daɗe yana dubansu kamar yau ya fara ganinsu. Can ya kau da kai, ya yi gyaran murya, ya ce wa saurayin ranar hutunsa shi zai riƙa yi mata faskare, kuma kada ya kuskura ya kawo ɗanyen itace. Daga nan ya kore su duka, wai ruwa na hucewa.

A bakin murhu suka zauna kan guntun katako, kafaɗa da kafaɗa, ba mai ƙarfin yin murna. Ta tambaye shi ko yana da-na-sani.

Ya girgiza kai, idonsa a kan garwashi.

"Abu ɗaya nake tsoro, Chizu. Ranar da za a kira ni da sunan a wurin aiki, ban sani ba ko zan waiwaya."

Ta jefa itace a wuta, ta jingina kanta da kafaɗarsa.

"Kuwabara…" ta kira a hankali.

Ya ɗan jima, sannan ya amsa.