Azumin da Ba Lada

"Mariyamu, yaushe rabon na'urar nan da aiki?"

Malam Nasidi, mijina, yana tsaye a kaina da batura biyu a tafin hannunsa, sun kumbura har sun yi tsatsa. Ina kwance, zazzaɓi na kaɗa ni.

"Tana aiki mana, Malam..."

"Ƙarya kike yi mini!"

Shekara tara da aurenmu, bai taɓa gaya mini haka ba.

Daga ƙafa ciwon ya fara. Likita ya ce na laka ne da jijiyoyi, em-es sunansa, kuma ba ya warkewa. Ƙafar na haƙura da ita. Fitsari ne ya gama da ni. Ni da na tashi a gidan malamai a unguwar Kusfa, alwalar azahar tana kai ni magariba, wai ni ce nake jiƙa zani ina ruku'u! Ranar sunan 'yar ƙanwarsa a Ƙofar Kibo kuwa, a tsakiyar mata... kai, a bar wannan.

Shi yake wankin. Magatakarda guda, ya dawo daga ofis ya tuɓe babbar riga ya durƙusa gaban baho, ya shanya a ƙuryar ɗaki don kada matan gida su gani. Wallahi na tsani kaina.

Sai Sista Ethel, wata nas 'yar Wusasa, ta samo mana wata na'ura kamar rediyon aljihu. Ana manna wayoyinta a ƙugu, ta riƙa tsikarar jijiyar da ke riƙe mafitsara. Ta ce wasu takan yi musu aiki, wasu a'a. Malam rabin farko kawai ya ji.

Ni ina cikin rabi na biyu. Sati shida, ko alama. Kullum ya shigo sai ya ce, "Yau fa, 'yar gidana?" Ina zan kai wannan kallon nasa mai cike da fata?

Sai na ce masa na ji sauƙi, ya ba ni izini in yi azumin nafila na godiya. Har da rungume ni! Na daina shan ruwa, ko an sha ruwa kurɓa biyu nake yi. Zani ya bushe. Na'urar na jefa ta cikin kwalla, can ya tsinto ta yau yana neman katin asibitina.

"Saboda wanki za ki kashe mini kanki?" Ashe ya gano abin da ya busar da zanin. "Sista ta ce ƙodarki ta taɓu, na rantse mata kina shan ruwa!"

"Na gaji da ganinka a durƙushe, Malam!"

"Ke 'yar malamai ce. Kin san mai lalura sallarsa karɓaɓɓiya ce."

"Allah zai karɓa, na sani. Kunyarka nake ji."

Hawaye na bin gemunsa. Ya fita, na ji ƙarar murfin randa. Ya dawo da moɗa cike, ya tallafo kaina.

"Sha."

"Ka san abin da zai biyo baya..."

"Na sani."

"Ba zan warke ba, Malam. Sai ma abin da ya ƙaru."

"Wannan ma na sani, Mairona. Sha."

Na sha ina kuka, har na ƙware. Bai ajiye moɗar ba sai da ta ƙare.

Da la'asar na jiƙa zanin. Ya wanke, ya ɗauka ya shanya a tsakar gida, a kan igiyar kowa da kowa.