Jar Lamba a Katin Hansai

Ranar wata Talata, farkon daminar 1964, Gwadabe ya ɗago kai daga tulin katuna ya ga Hansai. Shi ne akawun wani ƙaramin asibiti a hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Aikinsa ɗaya ne. Likita ya rubuta abin da ya gani, shi kuma ya nemo lambar ciwon a littafi ya sa a kusurwar kati. Ita daga Ƙarfi ta zo, da tarin da mura ta bar mata, aka ɗauki hoton ƙirjinta.

"Suna?"

"Hansai Labo."

"Sana'a?"

"Waina. Kai taka kallon mutane ce, ko za ka rubuta?"

Ya sunkuya ya rubuta.

Likita ya ɗaga hoton a taga ya daɗe yana dubawa. Ya rubuta cewa akwai ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a saman huhun dama, majina ba ta nuna cuta ba, a sake hoto bayan wata uku. Ya ba ta maganin tari, ya sallame ta.

Littafin lambobin kuwa, kamar yawancin littattafai, waɗanda suka san komai ne suka rubuta shi. Babu lambar "ba mu sani ba tukuna". Kati mai baƙar lamba akwati yake shiga, ba mai sake neman mai shi. Mai jar lamba, ta tarin fuka, dole ya zo duk mako biyu a auna nauyinsa. Gwadabe ya dubi ƙofar da ta fita, ya tsoma alƙalami a jar tawada. Ya gaya wa kansa don lafiyarta ya yi. Namiji bai taɓa rasa dalili mai tsarki ba.

Ta riƙa zuwa, ba ta san ma'anar jan ba. A zuwa na biyu ya kai ga raka ta bakin titi. A na uku, da ya ji ta yi ajin yaƙi da jahilci, ya saka mata takarda cikin kati:

"Hasken idona, sikeli ya ce kin ƙaru da laba ɗaya. Ni na rame da biyu. Ki zo da maganin. Naki, Gwadabe."

Ta amsa a bayanta: "Akawuna, maganinka waina ce da miya. Ka turo manya wurin Baba, ka bar damun sikeli."

Abin da Gwadabe ya kau da kai a kansa shi ne sunayen masu jar lamba hannun duba-gari suke komawa. Wata safiya duba-gari ya jingine kekensa a ƙofar gidan Malam Labo, mahaifin Hansai, a gaban maƙwabta, ya ce a ware mata kwano da moɗa. Kafin azahar Ƙarfi ta sani. Shitu, mai sayen auduga da ya shekara yana aiko wa Malam Labo goro, ya janye, kuma ya bi kasuwa yana bayyana dalili ga wanda ma bai tambaya ba. Waina ta yi sanyi a tanda.

Inna Marka, uwar Gwadabe, ta ce, "Tari za ka auro mini? Na binne ubanka da shi. Ba zan binne ka ba."

Sai takarda ta iso daga Hansai:

"Akawuna, na sake ka. Ashe mutuwa nake zuwa aunawa. Kada ka zo, kada ka ɗauka. Ka yafe mini."

Ya karanta sau uku, ya hau keke. Ya same ta zaune a bayan rumbu, moɗarta a gefe, an ɗaure mata jan zare don kada a yi kuskure.

"Hansai, ba Likita ya sa lambar nan ba. Ni ne."

"Kuskure ka yi?"

"A'a. Don ki riƙa dawowa."

Ta miƙe tsaye.

"Kwana goma sha bakwai ina zaɓen wadda zan bar wa tandata. Ƙannena ba sa shiga ɗakina. Duk don ka ga fuskata? Gidanmu ba shi da ƙofa ne?"

Malam Labo yana bayan zana, ya ji duka. Ya fito bai ɗaga murya ba.

"Kai yaro, da hannun da ka ɓata za ka gyara. Kafin nan, ban san ka ba."

Washegari Gwadabe ya ajiye katin gaban Likita ya faɗi komai. Likita ya cire tabarau.

"Na rubuta ban sani ba. Kai wa ya gaya maka? Ka ajiye alƙalamin nan. A kawo ta, a sake hoton."

Ranar hoton, Hansai ta zauna a bencin jira tsakanin ubanta da bango, ba ta dubi inda Gwadabe yake tsaye ba. Duk wanda ya taɓa raka mace asibiti ya koma gida shi kaɗai ya san tsawon bencin nan. Likita ya jera hotunan biyu a taga, ya ɗora ma'auni a kan ɗigon farko, ya ɗora a na biyu. Ya sake. Sannan ya juyo gare su.

"Bai motsa ba, kuma ya yi fari fat kamar tsakuwa. Tsohon tabo ne da ya warke da kansa. Malam Labo, 'yarka lafiya lau. Duk da haka ta zo baɗi in gani."

Ya ja layi a kan jar lambar, ya rubuta gyara, ya sa hannu da kwanan wata. Gwadabe kuma ya rasa kujerarsa a ranar.

Takarda ta wanke Hansai, amma kasuwa ba ta karatu. Ranar kasuwar Ƙarfi, Gwadabe ya tsaya gaban tandarta ya faɗi abin da ya yi da ƙarfi, har Shitu ya ji daga rumfarsa. Ya ɗauki moɗa mai jan zare ya kwankwaɗe ruwan. Inna Marka da ya jawo tun daga Funtua ta harare shi, ta karɓi moɗar, ta sha.

"Zubo mini waina, 'yar nan. Wannan sakaran ni na haife shi, ba ni da yadda zan yi."

Hansai ta zuba mata. Shi kuwa sai da ya yi wata biyu yana zarya kafin ta ba shi ko guda.

Bayan kaka aka ɗaura aure, Gwadabe yana aikin awo a kasuwar auduga. Malam Labo ya miƙa masa tsohon katin.

"Riƙe. Duk ran da ka ji ka fi kowa dabara, ka duba. Allah ya yi muku albarka."

Hansai ta zare katin daga hannunsa.

"Ni zan riƙe, Baba. Akawuna ba a bar masa takarda."

Allah ya bar su tare har tsufa. Ba kowa ake bar wa matarsa ba.