Sarƙar Aure a Ɗakin Gwaji

"Ke kika bar durowar a buɗe!"

"Ni? Likita, makullin da ko banɗaki da shi kake shiga?"

Sufeton 'yan sanda Gaikwad ya bar likitan da nas ɗinsa suna musu har suka gaji. Fayil ɗaya tak aka sace a wannan ƙaramin asibiti na Nagpur, a Indiya: sakamakon gwajin sankarar mama na wata Shalan Kamble. Gobe za a aika shi kamfanin inshora, haɗe da hoton wadda aka gwada.

"Wa kamfanin ke biya wa gwajin?"

"Mai shekara arba'in zuwa sama, kuma mai katin inshorar ita da kanta," in ji likitan.

"Me sakamakon ya nuna?"

Likitan ya rage murya. "Akwai ciwon. Sai an hanzarta."

"Na tuna ta," in ji nas ɗin. "Da ƙyar ta yarda ta cire sarƙar aurenta kafin hoto."

Da azahar Sufeto ya isa gidan. Shalan ta kusa hamsin. A bango ga hoton mijinta, an rataya masa furannin mamata. Wuyanta wayam, don a al'adarsu mace kan cire sarƙar aure idan mijinta ya rasu.

"Ke aka gwada?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"Yaushe maigida ya rasu?"

"Shekara shida."

Ƙanwarta Ujwala, 'yar talatin da huɗu, ta kawo shayi ta koma kicin. Baƙaƙen duwatsun sarƙar aure na reto a wuyanta.

Sufeto ya tuna maganar nas ɗin.

"Baiwar Allah, wace gwauruwa ce ke sa sarƙar aure?"

Shalan ta miƙe ta nufi kusurwar ɗakin. Can ta ɗaga murfin tulun shinkafa, ta zaro fayil ɗin.

"Ƙanwata ce ta ji ƙullutu a jikinta. Aka ce shekarunta ba su kai ba, ta dawo bayan shekara shida. Ciwo yana duba takardar haihuwa ne? Na ba ta katina. Da na ji za a aika hoto, na koma na ɗauko. Ba ta sani ba."

Ya karɓa, ya kaɗe shinkafar. Bai taɓa jin nauyin takarda haka ba.

Wata 'yar sanda ta riƙe hannun Shalan. A bakin ƙofa ta juyo, tana raɗa kada a ji a kicin.

"Kwana uku ina kallon fayil ɗin, ban iya Turancin likitoci ba. Yallaɓai, don Allah, me takardar ta ce?"