Ɗakin Amarya Mai Taya

Ranar kasuwar Gummi Mardiyya ta fara ganinsa. Ta rako babanta, Malam Shitu, kai gyaran injin ban ruwa, sai ga mai gyaran ya fito daga wata tsohuwar bas, hannu duk baƙin mai. Ta leƙa ciki: katifa, risho, buta, har da labule. A saman motar an ɗaure keke.

"Nan kake kwana?" Tambayar ta kuɓuce mata kafin kunya ta iso.

"Nan na gidan duka," in ji Muntari yana murmushi. "Yau Gummi, jibi Bukkuyum, sai Anka. Inda mota tak kasa, keke shi kai ni."

Ita kuwa Mardiyya ba ta taɓa wuce Gummi ba. Tungarsu na tsakiyar fadama, da damina ta sauka gulbi sai ya zagaye su, babu fita sai da kwalekwale. Tun tana ƙarama take jin ƙirjinta a matse kamar kaza a akurki.

Lambar wayar da Muntari ya ba Malam Shitu don inji, ita ta fi amfana da ita.

"Tauraruwata, yau ina bakin gulbi, masunta na jan taru. Kujerar gaba babu kowa, taki ce."

"Matafiyina, ka kalla har da rabona. Ni yau ma zanar gidanmu nake kallo."

Da iyayen Muntari suka zo neman aure, Malam Shitu bai ɓoye ba.

"Yaro na da sana'a, ban musa ba. Amma in mata sunka tashi jere, ina za su kai kayan ɗaki? Ba ni ba da ɗiyata ga wanda gidanai ka gudu."

Ana cikin haka Tasi'u ya fito neman aurenta, mai kuɗin zinari da gidan bulo. Mardiyya ta san gidan: katanga har sama, ƙyauren ƙarfe, taga kamar ta rumbu. Babanta ya ce ba zai tilasta mata ba, amma maganar mai bas ta mutu.

Ruwa ya sauka, gulbi ya rufe hanya, wayar Muntari ta daina shiga. 'Yan gidan su Tasi'u suka baza cewa an ga bas ta yi gaba. Mardiyya ta rame, ta tsani ruwan, ta tsani zanar, ta kusa tsanar shi kansa.

Wata safiya sai ga kwalekwale, Muntari a ciki da tayoyi huɗu. Ya gangaro da su har ƙofar zaure, ya durƙusa.

"Baba, gida ya bar gudu. Na aza mota bisa duwatsu ga hilin kawuna, nan ƙetare. Ga ƙahwahunta, a aje."

Malam Shitu ya daɗe yana kallon tayoyin, sannan ya sa rana.

Kowa murna yake, ban da amarya. Ta samu wanda take so, amma hanyar da ta ƙwallafa wa rai ga ta jingine a zauren babanta. Kullum ta zo wucewa sai ta tsaya ta shafa tayoyin, ba ta san uban na lura ba.

"Ka ɗaure kanka saboda ni," ta rubuta masa.

"In dai turkenmu ɗaya, Tauraruwata, na yarda."

Da kaka aka ɗaura aure. Mata suka yi jere cikin bas, Gwaggo Tabawa na ta tsiya wai ba ta taɓa kafa gadon amarya kusa da sitiyari ba.

Bayan kwana biyu amalanke ta tsaya a ƙofa. Malam Shitu ne da Inna, da tayoyin nan.

"Maida su," ya ce wa Muntari. "Wanda yac cire ma kainai ƙahwa don ɗiyata, ba shi yada ta bisa hanya. Uwatta ta tsuhwa cikin hwadamar nan, ko Anka ba ta sani ba. Ba ni son Mardiyya ta gaje ta. Damina dai ku yi ta kusa da mu. Allah shi yi muku albarka, shi tsare gabanku da bayanku."

Mardiyya ta durƙusa tana kuka.

Da aka gama ɗaure tayoyin ta hau kujerar gaba. Ta waiwaya za ta yi wa Inna sallama, sai ta gan ta zaune a bakin gadon amarya, rungume da ƙullin kayanta.

"Ku ja mu tai," in ji Inna. "Anka za a sauke ni."