Tsatsar da Umma Ta Goge

"Auta! Wallahi idan ka shanya tawul a kan ƙarafuna, yau ni da kai ne!"

Auta ya leƙo daga saman bene yana dariya, jiƙaƙƙen tawul a kafaɗarsa. "Haba Injiniya, mijinki guda bai kai tsatsa daraja ba?"

"Ka fi ta mana," ta ce tana ɗaura agogo. "Amma kai kana da baki, ita kuwa ba ta da mai tsaya mata sai ni."

Injiniya, sunan da ya bi ta tun tana makaranta, binciken babban digiri take yi a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Wani fenti take haɗawa da tokar ƙaiƙayin shinkafa, wanda take fatan zai hana kwanon rufi yin tsatsa. Ta yanka kwano ƙanana-ƙanana kamar tafin hannu, wasu ta shafa musu fentin, wasu ta bar su haka. Kowanne ta auna nauyinsa, ta rubuta masa lamba, ta jera su a kan katako a saman benen gidansu. Sharaɗin ɗaya ne: su sha rana da ruwa, rani da damina, babu mai taɓa su. Daga nan sai a sake aunawa a ga wanda tsatsa ta ci da wanda ya gagare ta. Tsatsar nan ita ce amsar aikinta gaba ɗaya, kuma saura kaɗan lokacin ya cika.

Ana cikin haka sai ga Umma, mahaifiyar Auta, ta zo zama da su. Rufin ɗakinta ne ya ruɓe, ruwan sama ya shiga ya lalata mata katifa, har da hoton marigayi mijinta. Injiniya ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta ba ta ɗakin da ya fi iska.

"Ki gaya mata zancen ƙarafan nan fa," Auta ya ce mata a kicin.

"Ni? In buɗe baki in ce wa surukata kar ki taɓa kaza a gidan ɗanta? Rufa min asiri! Kai ka faɗa mata."

"To, zan faɗa."

Bai faɗa ba. Kullum ya zauna gaban Umma sai maganar ta yi masa nauyi, ya ce gobe. Ita ma Injiniya ta ɗauka an gama, ba ta sake tambaya ba.

Ranar da abin zai faru, Yaya, babbar yayar Auta, ta zo gaida Umma. Mace ce mai son uwarta, amma bakinta sai addu'a. Ta hau bene shanyar kayan Umma, sai aka ji ta tana tafa hannu.

"Umma, hawo ki ga boko! Bola guda a saman gida! Mace ta iya sa farar riga ta tafi ofis, amma ta bar tsatsa tana zuba a gidan miji? Wallahi sai na gaya wa dangi irin matar da Auta ya kwaso!"

Sai da Yaya ta sauka ta kwanta a falo, sannan Umma ta ɗebi ruwa a bokiti, ta ɗauki sabulu da soson ƙarfe, ta hau tana dafa gwiwa. A ranta cewa take, yarinyar nan ba ta da lokaci ne, bari in rufa mata asiri kafin magana ta fita. Ta zauna cikin rana tana dirzar ƙarafan, ɗaya bayan ɗaya. Tsatsa ta fita, fenti ya fita, lambobi suka fita. Ta shafe su da mai, ta jera a cikin roba suna ƙyalli.

Da yamma Injiniya ta shigo da sallama. Umma ta taso da murmushi, robar a hannunta.

"'Yata, ga kayanki na gyara miki. Kin ga yadda suka yi kyau?"

Jakar Injiniya ta faɗi ƙasa. Ta kalli robar, ta kalli Umma, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah, Umma! Me kika yi? Kin kashe ni! Wa ya ce ki taɓa?"

Maganar na fita ta toshe bakinta, amma ina, ta riga ta fita. Murmushin Umma ya mutu. Yaya ta zabura daga kan kujera.

"Uwarmu kike yi wa tsawa? A kan gwangwani? Lallai yarinyar nan kin ƙoshi!"

Nan take ta shiga buga waya. Kafin Auta ya rufe shagonsa na magani ya iso gida, kawu ya ji, gwaggo ta ji, kowa da irin gishirin da aka ƙara masa. Yaya ta tare shi tun daga ƙofa.

"Ka zaɓa yau. Ko ta bar wannan aikin banzan da ya sa mata girman kai, ko ta bar gidan nan. In ba haka ba, ka nemi wasu dangin!"

"Yaya, laifina ne. Ni aka ce in gaya wa Umma, ban faɗa ba."

"Ka ji shi ko? An gama da kai, Auta!"

Umma dai ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. A hankali ta ce, "Ku bar faɗa a kaina. Gobe zan koma ɗakina. Gara ruwa ya zubo min a inda ba na yi wa kowa ɓarna." Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Auta ya sami matarsa a saman bene, zaune gaban katakon da babu komai a kai, tana kuka kamar ranta zai fita. Ta san idan Umma ta fita daga gidan nan da ɓacin rai, auren ba zai sake daɗi ba, ko da bai mutu ba.

"Zan bar aikin," ta ce. "Gobe zan je in gaya wa Farfesan da ke duba aikina. Aikin ya riga ya lalace, kar in haɗa da kai."

Ya zauna kusa da ita, ya share mata hawaye da bakin rigarsa. "Ki bar aiki in tsokani wa da safe? Ni da tsatsarki na gan ki, da ita na aure ki. Ba na zaɓa tsakaninki da Umma, dukanku nawa ne. Sori, Injiniya, ni na jawo."

"To ya zan yi?"

"Ki manta da ƙarafan tukuna. Kin kuwa kalli hannunta?"

Ba ta kalla ba. Sai a lokacin ta tuna yadda Umma ta riƙe robar da gefen hannu.

Washegari da safe ta ɗauki man shafawa daga kayan Auta, ta ƙwanƙwasa ƙofar Umma. Ta same ta tana fama da zif ɗin jaka, yatsun sun ƙi. Soson ƙarfe ya yayyanka su, sun kumbura sun yi ja. Injiniya ta durƙusa, ta kama hannun, hawaye na ɗiga a kai.

"Umma, ki yafe min. Saboda ni kika yi wa hannunki haka, ni kuma na saka miki da tsawa. Ban kyauta ba."

Umma ta riƙa kallon yadda take shafa mata man a hankali, yatsa bayan yatsa. Can ta ce, "Ni dai abu ɗaya ne ban gane ba. Mene ne abin so a jikin tsatsa?"

"Umma, me ya huda rufin ɗakinki?"

"Tsatsa mana."

"Ita nake nema wa magani. Na bar su a rana da ruwa ne don in ga wane fenti zai iya da ita. Ranar da na ga hoton Baba ya jiƙe, na ce a raina, in Allah ya yarda ɗakinki zan fara rufawa."

Umma ta zuba mata ido.

"Kenan maganin ɗakina na zauna na kankare da hannuna? Innalillahi! 'Yar nan, me ya hana ki gaya min?"

"Kunya, Umma."

"Kunyar me? Ni ba uwarki ba ce?" Ta jawo ta jikinta, suka yi ta kuka tare. Auta yana bakin ƙofa yana goge ido, wai ƙura ce ta shiga.

"Yanzu babu gyara?" Umma ta tambaya.

"Sai dai a sake daga farko. Wani ranin da wata daminar."

"To a sake. Auta, cire min kayan nan daga jaka, na sami aiki."

Ba a sha da sauƙi ba. Farfesa ya yi faɗa, abokan karatunta suka gama suka bar ta, Yaya ta ɗauke ƙafa daga gidan. Injiniya ta haɗiye, ta sake haɗa fenti, Auta ya taya ta yankan kwano har ya yanke a yatsa. Umma kuwa ta sa aka hau mata da kujera saman bene. Nan take shan hantsi, nan take jan carbi. Kyanwar maƙwabta ta sha kora, mai gyaran tankin ruwa ya sha gargaɗi, Auta da tawul ɗinsa ko kusa ba ya zuwa. Duk safiya sai ta ba da rahoto: "Injiniya, waɗanda ba ki shafa wa komai ba sun fara ja. Masha Allah, tsatsa tana kyau!"

Da Yaya ta gaji da fushi ta zo ɗaukar uwarta, a can sama ta same ta. Ta miƙa hannu za ta ɗaga ƙarfe ɗaya, Umma ta buge hannun.

"Kul! Sampul ne, ba a taɓawa."

"Umma, ke ma?"

"Ni ma. Je ki gaida ƙanwarki, ki ba ta haƙuri. Bakinki ne ya hau da ni benen nan ran nan."

Yaya ta sauka jiki a sanyaye, kuma ta ba Injiniya haƙuri.

Da damina ta wuce, Injiniya ta kwashe ƙarafan ta kai lab, ɗakin gwaje-gwajensu. Da azahar ta dawo da gudu, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ɗora guda biyu a cinyar Umma: ɗaya tsatsa ta cinye shi har ya huje, ɗayan kuwa lafiya lau, nauyinsa bai ragu ba.

"Umma, rizal ya fito! Ya yi! Fentin ya yi!"

Umma ta ɗaga lafiyayyen tana juya shi, sai kuma ta tsaya cak. "Yanzu an yarda in taɓa?"

Dariya ta kece, har Auta yana riƙe ciki.

Jami'a ta amince a gwada fentin a kan rufi na gaske, kuma ɗakin Umma aka fara. Ranar da ruwan farko ya sauka, su uku suna zaune a ciki, suna jin ƙararsa a sama, ko ɗigo bai shigo ba. Hoton Baba yana rataye a bango cikin sabon gilashi. Umma ta kama hannun Auta ta haɗa da na matarsa.

"Ku ji ni da kyau. Abin da ya kusa raba ku ba ƙiyayya ba ce, shiru ne. Kowa ya so ɗan'uwansa, amma kowa ya rufe baki. Ku riƙa faɗa wa naku gaskiya da ladabi tun kafin a yi ɓarna, in kuma an yi, ku yi haƙuri ku sake daga farko."

Ta ɗaga kai ta kalli rufin, ta jinjina.

"To, ɗaki ya yi. Auta, ɗaukar min jaka mu koma gida. Injiniya ta jera sababbi a bene, kuma ban yarda da kyanwar nan ba."